Babi na Shida: Baki Daban, Murya Daban

Wanda ya tashi a karkara ya san wannan abin, ko da bai taɓa zama ya yi tunaninsa ba. Kana bakin gona, ka hango mata can a masussuka, sai ka ga taɓarya ta faɗa cikin turmi, har ta fara ɗagowa, sannan ƙarar ta iso kunnenka. Haka walƙiya da tsawa suke: ido ya riga, kunne ya biyo sawu. Sauti mita 340 da 'yan kai yake ci a daƙiƙa ɗaya, haske kuwa kafin ka ƙifta ido ya iso. Tun muna goye muka saba da wannan tsari, shi ya sa idan murya ta ɗan makara a bidiyo mukan yi mata uzuri ba mu ma sani ba. Amma a ce murya ta riga baki, wannan babu shi a duniyar Allah, kuma ido ba ya yafe shi. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar da ma'auni a kan haka a 1998: mai kallo yakan fara lura idan sauti ya riga hoto da milisakan 45, amma idan makara ya yi, sai ya kai wajen milisakan 125 kafin a ankara. Milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. A irin bidiyon ƙasashenmu mai firam 25 a daƙiƙa, kowane firam milisakan 40 ne. Ke nan da zarar murya ta yi gaba da firam ɗaya da ɗan wani abu, mai kallo zai fara jin akwai abin da bai zauna ba.

Ni wata Hajiya ce ta koya mini wannan darasi, ba littafi ba. Ta zo shagona da faifan DVD a cikin ledar da ta naɗe da ɗankwali, na bikin 'yarta ta fari. Ba amarya ce damuwarta ba, ba kuma masu kiɗa ba. A ƙarshen faifan akwai wurin da mahaifinta, wanda Allah Ya yi wa rasuwa, ya zauna a kan darduma yana yi wa amarya nasiha da addu'a, wajen minti goma sha biyu. Shi take so a ciro mata, a sa a waya, jikoki su ji muryar kakan uwarsu. Na ce aikin rabin awa ne. Na buɗe faifan, na jawo fayilolin da ke ciki na zuba a manhajar tacewa, na yanke, na fitar. Washegari ta dawo, na kunna mata, ba ta kai minti ɗaya tana kallo ba ta ɗago kai ta ce, "Ɗan nan, wannan ai ba Baba ba ne. Baba ba ya magana haka." Da na duba da idon basira, sai na ga dattijon ya gama cewa "amin" bakinsa bai ko buɗe ba.

Abin da kowane sabon hannu yake yi shi na yi: na kama layin sauti na ja shi baya har ƙarshen addu'ar ya daidaita. Na koma farkon nasihar, na tarar na ɓata shi. Na gyara farko, ƙarshe ya sake zamewa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, na kwashe yamma guda ina yi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da na sa faifan a tsohuwar na'urar DVD da ke ƙarƙashin talabijin, sai ga baki da murya suna tafiya tare tsaf, daga bismilla har fatiha. Faifan lafiyarsa ƙalau. Ni ne na raba su a hanya.

Abin da ya kamata mai tacewa ya fara ganewa shi ne, a cikin faifai hoto da sauti ba a manne suke ba. Abubuwa biyu ne daban, an yayyanka su ƙanana an jera a cakuɗe, ɗan hoto, ɗan sauti, ɗan hoto. Abin da ke haɗa su agogo ne. Kowane guntu yana ɗauke da hatimin lokaci da ke cewa "a daidai lokaci kaza za a nuna ni", kuma agogon da ake auna wannan da shi yana bugawa sau 90,000 a daƙiƙa. Na'urar DVD ba ruwanta da wanda ya fara zuwa, hatimin take karantawa. Idan an rubuta cewa sauti ya jira kwatan daƙiƙa kafin ya fara, za ta jira. Idan wani guntun hoto ya ɓace, za ta tsallake gurbinsa ta ci gaba da bin agogo. Manhajar tacewa kuwa, musamman irin na da, sau da yawa ƙidaya take yi kamar mai lissafin buhuna: ga firam na ɗaya, ga na biyu, ga na uku, ta jera su a layi, ta jera sauti a ƙarƙashinsu, ta ɗauka sun fara tare kuma babu wanda ya ɓace. Duk abin da hatimin yake rufa wa asiri, a nan yake tonuwa.

Masu fim sun daɗe suna fama da wannan, kuma abin dariya, da faifai matsalar ta fara. Lokacin da kamfanin Warner Bros. na Amurka ya fitar da The Jazz Singer a 1927, sautin ba a jikin fim ɗin yake ba. Yana kan faifan garmaho mai faɗin inci 16, mai juyawa sau 33 da sulusi a minti, wanda aka haɗa da injin majigi. Akwai alamar da mai haska fim zai ɗora allura a kai. In fim ya tsinke aka yi asarar firam biyar, dole a liƙa baƙaƙen firam biyar a gurbinsu, in ba haka ba duk abin da ya biyo baya ya zame. Cikin 'yan shekaru aka watsar da wannan tsari aka koma rubuta sauti a gefen fim ɗin kansa. Amma ka riƙe dabarar baƙaƙen firam ɗin nan, har yau tana aiki.

To, kafin ka taɓa komai, auna. Nemi wuri a farkon bidiyon inda ido da kunne za su iya yin shaida tare: tafi, rufe ƙofa, saukar makaɗi a kan kalangu, ƙarar murfin kwano. Idan magana ce kawai, bi leɓe. Harshenmu ya yi mana gata a nan, domin "b", "ɓ" da "m" ba sa fita sai leɓe ya haɗu, kuma ba a yin taro babu "bismillahi", "barka" ko "maraba". Tsayar da hoton a firam ɗin da leɓen ya buɗe, ka duba inda zanen sautin ya yi tsalle, ka ƙirga tazarar. In kana son sauƙi, buɗe fayil ɗin a VLC ka riƙa danna J ko K a allon rubutu. Kowace dannawa tana matsar da sauti da milisakan 50, ɗaya gaba, ɗaya baya, kuma adadin yana fitowa a fuskar allo. Rubuta abin da ka samu a takarda. Yi haka a tsakiya, yi a ƙarshe. Waɗannan lambobi uku su ne za su gaya maka ciwon da kake jinya. Wani abu kuma: cire abin sauraron Bluetooth daga kunnenka kafin ka fara. Shi kansa yana da nasa jinkirin, wanda kan kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kuma na san waɗanda suka kwana suna gyara lafiyayyen bidiyo saboda shi.

Idan lambobin uku sun zo iri ɗaya, ka yi hamdala. Jinkirin farko ne da ke rubuce a faifai manhajarka ba ta karanta ba. MediaInfo yakan nuna shi ƙarara, kuma tsohuwar manhajar DGIndex ma a jikin sunan fayil ɗin sauti take rubuta shi. Matsar da layin sauti sau ɗaya da wannan adadi, ko ka rubuta shi a gurbin jinkiri na MKVToolNix ko Avidemux, an wuce wurin.

Inda ake shan wuya shi ne idan tazarar tana ƙaruwa a hankali, farko lafiya, tsakiya da ɗan dama, ƙarshe kamar fassarar fim ɗin Indiya. Wannan ba jinkiri ba ne, saɓanin gudu ne, kuma ja da layi ba ya maganinsa ko za ka shekara kana yi. Abin daɗin shi ne kowane irin saɓani yana da sawunsa, kamar yadda maharbi yake bambance sawun kura da na kare. Lissafa daƙiƙa nawa aka zame a cikin awa ɗaya.

Ka samu daƙiƙa uku da rabi da ɗan ɗori, wato 3.6? Amurka ce ta bar maka gado. Talabijin ɗinsu na baƙi da fari firam 30 yake yi a daƙiƙa, daidai da wutar lantarkinsu mai juyi 60. Da suka zo shigar da launi a 1953, sai injiniyoyi suka rage gudun da kashi ɗaya cikin dubu don kada siginar launi ta riƙa karo da ta sauti, ya koma 29.97. Daga nan aka haifi ɗan'uwansa 23.976, wanda finafinan silima masu firam 24 suke komawa idan za a sa su a faifan Amurka ko Japan. Manhajar da ta ga 29.97 ta ɗauke shi 30, ko ta ga 23.976 ta ɗauke shi 24, za ta riƙa cin bashin daƙiƙa 3.6 kowace awa. A minti na farko da ƙyar za ka lura. Faifan da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka, ko kyamarar da aka sayo a can aka ɗauki suna da ita a Kano, su ne suka fi kawo wannan.

Idan kuwa zamewar ta kai wajen minti biyu da rabi a awa, rikicin 24 da 25 ne. Nijeriya tsarin PAL take bi, Nijar ta gaji SECAM daga Faransa, amma dukansu firam 25 ne, daidai da wuta mai juyi 50. Fim ɗin silima kuwa 24 ne. Hanyar da aka saba bi wajen sa shi a faifan PAL ita ce a ƙara masa gudu kawai, hoto da sauti gaba ɗaya, da kusan kashi huɗu cikin ɗari. Fim mai awa biyu cif sai ya koma minti 115 da 'yan daƙiƙoƙi, muryoyi su ɗan ƙara siranta, ba wanda ya damu. Damuwar tana zuwa ne ranar da wani ya ce zai ɗauko sautin tsohon faifan, wataƙila saboda fassarar Hausar da ke kai, ya ɗora a kan sabon hoto mai kyau da aka ciro daga Blu-ray. Jaki da doki ne aka ɗaure a keke ɗaya. Mu masu kallon fassara mun saba da bakin jarumi yana wani abu murya tana wani, ba ma ƙorafi, amma idan aka ji ƙarar mari kafin a ɗaga hannu, ko yaro zai yi dariya.

Na ukun ya fi sauƙin kamawa domin kunne kaɗai ya isa. Faifan VCD, wanda ya fito a 1993 kuma shi ya karɓi kasuwar finafinan Hausa daga hannun kaset, sautinsa ana ɗibarsa sau 44,100 a daƙiƙa, kamar na faifan waƙa. Na DVD sau 48,000 ne. Idan manhaja ta karanta ɗaya da ma'aunin ɗayan, za a zame da kusan minti biyar a awa, dattijo ya koma magana da muryar saurayi mai gaggawa, ko budurwa ta koma kamar wadda ta tashi daga barci. Duk wanda yake haɗa tsofaffin fayilolin DAT na cikin foldar MPEGAV da na DVD a aiki ɗaya, ya fara mayar da sautukan duka 48,000 kafin ya yanka komai.

A biyun farko, ra'ayina shi ne a gyara hoto, a ƙyale sauti, matuƙar da hali. Gaya wa manhaja ainihin gudun firam ɗin. A Premiere ana yin haka ta Interpret Footage, sauran manyan manhajoji ma suna da makamancinsa. Hoto ba ya jin ciwo idan an ce masa ya yi 25 maimakon 24. Sauti kuwa da an miƙe shi ko an matse shi, wani abu yana taɓuwa: ko muryar ta canza, ko ta riƙa ɗan rawa kamar ana magana ta bayan fanka. Kashi ɗaya cikin dubu ba komai ba ne, ka miƙe shi a Audacity hankalinka kwance, kunne ba zai ji ba. Kashi huɗu cikin ɗari a kan karatun Alƙur'ani ko waƙar da mutane suka haddace sautinta, wannan kam sai an yi hattara, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Na Hajiya bai shiga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Da na zauna na auna kamar mai hankali, sai na ga a minti ashirin na farko babu tazara ko kaɗan, can sai ta yi tsalle zuwa milisakan 200, ta tsaya a nan, can gaba ta sake tsalle, ta sake. Hawa-hawa take kamar matakalar bene. Irin wannan yana nufin akwai wuraren da wani abu ya faɗi, kuma kowane tsalle yana da adireshinsa.

Adireshi na farko a cikin foldar VIDEO_TS yake. DVD ba ya ajiye fim a fayil ɗaya. Yana yanka shi gunduwa-gunduwa, kowane fayil ɗin VOB bai wuce gigabait ɗaya ba, kuma wuƙar ba ta duba inda ta faɗa, ko a tsakiyar kalma ne. Ƙananan fayilolin IFO da mutane ke rainawa, su ne taswirar da ke gaya wa na'ura yadda za ta ɗinke su. Ni kuwa na jawo VOB ɗin ɗaya bayan ɗaya na jera, a kowace mahaɗa manhaja ta zubar da abin da ba ta gane ba. Adireshi na biyu mai ɗaukar bikin ne ya bar shi. Duk lokacin da ya tsayar da na'urar da ke rubuta faifan ya sake kunnawa, agogon nan yakan iya komawa farko, kuma biki ai ba a ɗaukarsa a zama ɗaya: ga kamu, ga ɗaurin aure, ga kai amarya, ga inda wuta ta ɗauke aka jira janareta. Idan asalin ɗaukar a kaset ɗin VHS aka yi sannan aka juye, akwai ƙarin ramuka, domin duk inda kaset ya tauno ko ya yi ruwa-ruwa, na'urar juyewa takan yar da firam, sauti kuwa ya ci gaba da tafiyarsa.

Adireshi na uku nawa ne. Bidiyon MPEG ba kowane firam ne cikakken hoto ba. Akan ajiye cikakke guda ɗaya, sauran da ke biye, har zuwa goma sha huɗu a faifan PAL, bayanin abin da ya canza kawai suke ɗauke da shi. Idan ka yanka a tsakiyar wannan rukuni ba tare da an sake sarrafa hoton ba, manhaja takan matsa zuwa cikakken firam mafi kusa, wanda zai iya kai rabin daƙiƙa nesa da inda ka nuna. Sauti kuma nasa gunduwoyin daban suke, milisakan 32 kowanne a Dolby Digital, ba su dace da 40 na hoto ba. Yanka ɗaya ba ya nuna komai. Yanka talatin, kowanne da ɗan kuskurensa, sun isa su raba dattijo da muryarsa.

Maganin bai ɗauke ni awa ɗaya ba, bayan na ɓata wuni biyu. Na watsar da duk abin da na yi, na koma kan faifan. Na sa MakeMKV ya karanta taswirar IFO ya fitar mini da bikin a fayil ɗaya, da hatimansa yadda suke. Daga nan na bi da shi ta HandBrake, na zaɓi Constant Framerate a kan 25, domin ya cike gurbin duk firam ɗin da ya ɓace da maimaicin na kusa da shi. Baƙaƙen firam ɗin 1927 ke nan suka dawo da sabuwar riga. Masu jin daɗin rubuta umarni suna samun irin wannan a FFmpeg, wanda ke iya sabunta hatiman ya kuma cike giɓin sauti da shiru. Sai da fayil ya zama lafiyayye, mai gudu ɗaya daga farko har ƙarshe, sannan na kai shi teburin tacewa na sa wuƙa. Tsalle ɗaya ne ya rage, a inda faifan ya ƙwarzane har ana gani da ido. Nan na yanka layin sauti a daidai lokacin da dattijon ya yi shiru yana jan carbi, na matsar da abin da ya biyo baya da firam uku. A shiru ake ɓoye ɗinki, ko a inda kyamara ta juya ga jama'a. Ba a yi a tsakiyar kalma.

Ba zan wuce ba sai na faɗi wannan, ko da zai ɓata wa wasu. Waɗannan dabaru na ceto abin da yake naka ne, ko wanda mai shi ya ba ka izini. Tun daga Turmin Danya a 1990 masu shirya finafinan Hausa suke zuba dukiyarsu, kuma kowa ya san irin ɓarnar da masu satar fasaha suka yi wa kasuwar faifai har ta durƙushe. Iya daidaita baki da murya bai mayar da fim ɗin wani naka ba.

Hajiya ta dawo ranar Asabar da jikarta. Ta kalli minti goma sha biyun nan ba ta ce uffan ba, sai da aka shafa fatiha a cikin bidiyon ta shafa tare da su, ta ce, "Yanzu kam shi ne. Allah Ya yi maka albarka." Na mayar mata da faifan, na kuma ba ta filashi mai ɗauke da abu biyu: guntun da ta nema, da kwafin foldar VIDEO_TS ɗungurungum, ban taɓa ko fayil ɗaya a ciki ba.

Kai ma haka za ka riƙa yi. Faifan da aka ƙona a shago ba kamar na kamfani ba ne, rini ne a cikinsa, kuma zafi da hasken rana suna cinye shi a hankali ko ba a taɓa shi ba. Ranar da faifai ya shigo hannunka, kafin ka buɗe wata manhaja, kwafe foldar gaba ɗaya, har da ƙananan fayilolin IFO da BUP da ke ciki, ka ajiye a wuri biyu.